Bashin Ɓera

Duk manomin da ya taɓa buɗe rumbu a Bakura bayan damina mai nauyi ya san warin fumfuna. Wani jinsinta, Asfajilus, yakan shiga huhun wanda garkuwar jikinsa ta raunana, ya bi jini har ya yada zango a tsokar zuciya. Cutar ba ta da yawa, amma tana kisa, kuma sau da dama ba a gane ta sai bayan rai ya yi halinsa. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan jinsi cikin huɗu mafi haɗari a jerin fumfuna 19.

Domin gano sirrinta, masana sukan karya garkuwar ɓera ko zomo, su ɗura masa ƙwayar cutar, sannan su kashe shi su duba zuciyarsa. Shin muna da ikon yin haka?

Wani zai ce, mu da ke ɗana wa ɓera tarko a gonakin shinkafar Bakolori, ina ruwanmu da kukansa? Amma akwai bambanci. Ɓeran gona ɓarawo ne, kare kanmu muke yi. Ɓeran ɗakin gwaji kuwa a hannunmu aka haife shi, mu muka ciyar da shi, mu muka sa masa ciwo. Wannan amana ce.

Mahaucin kirki a kasuwar Talata Mafara ya riga masana sanin amsar: yana wasa wuƙarsa, ba ya yanka akuya a gaban 'yar'uwarta. Bukata ta halatta yanka, ba ta halatta azaba ba. Kan wannan turba Russell da Burch suka tsaya a Ingila a 1959: a nemi madadin dabba in akwai, a rage adadinta, a sassauta wahalarta.

Sai dai ina ganin da sauran sharaɗi guda. Hujjar kashe ɓeran ita ce ceton ɗan Adam. Idan maganin da aka samu ya tsaya a manyan birane saboda tsada, talakan Maradun ya mutu ba a ko san sunan ciwonsa ba, to rabin hujjar ta rushe. Mun ci bashin rai da sunan kowa. Ba mu biya ba sai ranar da maganin ya isa ga kowa.