Kabewar Anas da Kwanon 'Ya'yanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Yake ciyar da mu, Yake shayar da mu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, akwai kukan da muke ji a kusan kowane gida namu a nan Legas: uwa ta yini a gaban murhu, yaro ya leƙa kwano ya ture. Ba ya cin tuwo, ba ya son miyar kuka, ganye kuwa ko a ido. Sai indomi, biskit da lemon kwalba. Abin takaicin shi ne, tumatir da albasa da karas da kabejin da ke cika kasuwar Mile 12 mu ne muke sauke su daga mota. Muna ciyar da gari da kayan lambu, na gida ba sa ci.

Kada mu ɗauki wannan a matsayin rigimar mata da yara. Jikin yaro amana ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne da za a tambaya game da abin da aka ba shi kiwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya, na yaro kuma ya gaza haka. Kayan leda cike suke da gishiri da sukari. Suna toshe ciki, amma ba sa ba jiki abin da wake, ƙwai, kifi da ganye ke ba shi.

To mene ne magani? Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani tela ya gayyaci Annabi (SAW) cin abinci, Anas ɗan Malik, yaron da ke yi masa hidima, ya bi shi. Aka kawo romo mai kabewa da busasshen nama. Anas ya ga Annabi (SAW) yana bin gefen akushi yana tsintar kabewa, ya ce tun daga ranar bai daina son kabewa ba. Ba a yi masa tsawa ba, ba a ɗaga masa bulala ba. Gani ya yi a hannun wanda yake ƙauna.

A nan ne ya kamata mu binciki kanmu, musamman mu maza. Mun fita tun asuba, ba mu dawo ba sai bayan isha'i. Mun ci namu a kasuwa, mun jefa wa yaro kuɗin kashewa mun wuce. Yaushe rabon da ya ga babansa ya zauna yana cin kwaɗon zogale da marmari? Idan kuma mun zauna, da kushe muke farawa: miya ta yi ruwa, tuwo bai tuƙu ba. Alhali Abu Huraira ya ruwaito cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Yaron da ya ji uba na kushe girkin uwarsa, ta ina zai so shi?

Mu kuma yi wa yaran uzuri. An taɓa kawo wa Annabi (SAW) naman damo bai ci ba, ya bayyana cewa ba haramun ba ne, babu shi ne a ƙasar mutanensa, Halidu ɗan Walid ya ci a gabansa. Ashe baki da sabo yake tafiya. Yaron da aka haifa a Agege bai tashi da daddawa kamar mu ba. A zuba masa kaɗan, in ya ƙi a ƙyale shi, jibi a sake. Sau da yawa sai yaro ya ɗanɗana abu sau goma ko fiye kafin ya karɓe shi.

Iyayenmu mata, Allah Ya saka muku. Ku fara daga abin da ya sani. Ewedun da yake sha a gidan maƙwabta lalo ne, moimoi kuma alalenmu ne. In taliyar ce dole, a rage sinadarin ɗanɗanon da ke cikin ledar, a yanka karas da alayyafo, a fasa ƙwai. A ba shi ya tsince wake ko ya wanke tumatir, don abin da hannun yaro ya taɓa bakinsa bai cika ƙi ba. Kuma a hana biskit gab da lokacin abinci.

Mu maza, ko sau ɗaya ne a yini, mu zauna da su a kwano guda, mu yi bisimilla da ƙarfi su ji. Abu Dawud ya ruwaito cewa haɗuwa a kan abinci da ambaton sunan Allah na jawo masa albarka. Yau Juma'a ce, mu fara da abincin daren nan.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin lafiya da imani, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.