Kallon Tsuntsaye a Maroko: Tafakkuri ne ko Ɓata Lokaci?

Masu kallon tsuntsaye da ke zuwa Maroko, galibinsu Turawa, sun fi zuwa a watan Maris ko Afrilu, lokacin da tsuntsayen da suka ci rani a kudu da Sahara suke komawa Turai. Hanyar da aka fi bi tana tashi daga Marrakesh, ta hau duwatsun Atlas zuwa Ukaimedan mai tsayin mita 2,600, ta gangara Warzazat, ta kai rairayin Marzuga dab da iyakar Aljeriya, sannan ta juyo yamma zuwa bakin teku a Agadir. Mutum zai kwashe kwanaki a mota, ya yi sammako, ya tsaya a fako da madubin hangen nesa rataye a wuya, don ya ga tsuntsun da ba zai kama ba, ba zai ci ba, ba zai sayar ba. Mene ne matsayin irin wannan tafiya a addini?

Masu ganin ɓata lokaci ne suna da hujja: rayuwa da dukiya amana ne, kuma za a tambayi bawa yadda ya kashe su. Sai dai Alƙur'ani da kansa ya ja hankali ga tsuntsu. Aya ta 19 a Suratul Mulk da ta 79 a Suratun Nahl suna kiran mutum ya dubi yadda tsuntsaye suke shawagi ba su faɗo ba. Aya ta 38 a Suratul An'am ta bayyana su a matsayin al'ummomi kamar mutane. Wanda ya san cewa ƙaramin tsuntsun da ke gabansa ya ƙetare Sahara, kuma zai tsallake mashigin Jibraltar mai faɗin kilomita 14, ya fi wanda bai taɓa ɗaga kai ba kusa da amsa wannan kira.

Mutanen Maroko ba su tsaya ga kallo ba. Fararen shamuwa suna sheƙa a kan hasumiyar Shella a Rabat da katangun fadar Badi'i a Marrakesh, wadda Sarki Ahmad al-Mansur ya fara ginawa a 1578, ba mai korarsu. Ana kuma ruwaito cewa tsohon asibitin Sidi Faraj a Fas yana da waƙafin jinyar shamuwar da ta ji rauni. Wannan ya dace da hadisin Abu Dawud, inda Annabi (SAW) ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke.

Inda maganar ta yi tsauri shi ne, kallo ma yana da nasa kwaɗayin. Akwai wanda burinsa kawai ya ƙara suna a jerin abin da ya gani. Irinsa zai kunna kukan tsuntsu a waya don ya yaudaro shi daga ɓoye, ko ya matsa kusa da sheƙa har uwa ta tashi ta bar ƙwai a rana. Bai harbi komai ba, amma ya cutar, kuma kyakkyawar niyya ba ta wanke wannan.

Misalai biyu sun nuna abin da kallo zai iya da wanda ba zai iya ba. A tafkin Marja Zarga, masu kallo sun yi ta tururuwa don ganin wani tsuntsun fadama mai siririn baki; ganinsa na ƙarshe da aka tabbatar shi ne a Fabrairun 1995, kuma yanzu an ayyana cewa ya ƙare a duniya. A gandun Sus-Massa da aka kafa a 1991 kudu da Agadir kuwa, baƙin tsuntsu mai sanƙo da jan baki, wanda masu sheƙarsa ba su kai ma'aurata 60 ba a 1997, jimillarsa a Maroko ta haura tsuntsaye 700 a 2018. Masu gadi daga ƙauyukan yankin ne suka tsare duwatsun da yake sheƙa, suna ajiye masa ruwa, suna hana kowa matsowa, har da masu madubin.