Wa Ke Ɗauke da Wa a Kan Kilimanjaro?

A watannin Yuli da Agusta, lokacin da makarantun Ingila ke dogon hutu, ayarin ɗaliban sakandare kan sauka a garin Moshi da ke arewacin Tanzaniya. Tafiyar tasu kashi biyu ce. Za su yi kamar mako guda suna hawan Kilimanjaro, dutsen da ya fi kowane tsawo a Afirka, mai mita 5,895. Sannan su yi wasu kwanaki a ƙauye suna shafa wa aji fenti, ko haƙa masai, ko dasa itatuwa. Kuɗin tafiyar dubban fam ne, kuma da yawansu sun shekara suna tara shi ta hanyar wankin mota da sayar da kek da neman gudummawar dangi. Waɗanda suka bayar sun bayar ne da sunan taimakon talakawa. Shin taimako ne, ko kuwa yawon buɗe ido ne da aka sanya wa rigar taimako?

Mai lissafi ba zai daɗe bai yanke hukunci ba. Kaso mafi tsoka na kuɗin yana tafiya ne ga jirgi da inshora da kuɗin shiga gandun dutsen da ladan kamfanin da ya shirya tafiyar. Yaron da bai taɓa kwaɓa siminti ba ya ƙetare teku don ya yi ginin da maginin Moshi zai yi cikin rabin lokacin, ya kuma ciyar da iyalinsa da ladan. Tun 1968 Ivan Illich ya tsaya gaban wasu 'yan sa-kai da ke shirin aiki a ƙauyukan Meziko ya roƙe su da su zo kallo ko koyo, amma su daina zuwa da sunan taimako. Wani lokacin ma abin ya wuce asarar kuɗi. Ziyartar gidajen marayu ta zama kasuwa a wasu ƙasashe, har aka riƙa raba yara da iyayensu masu rai don a cika gidajen da baƙi za su zo su gani. A 2017 kamfanin World Challenge, mai shirya wa makarantu irin waɗannan tafiye-tafiye, ya daina kai ɗalibai gidajen marayu, a 2018 kuma Ostireliya ta sanya safarar yara zuwa irin gidajen cikin abin da take ɗauka bautar zamani.

Masu kare tafiyar suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Aristotle ya koyar da cewa hali nagari da aikatawa ake samunsa, kamar yadda ake zama magini ta hanyar yin gini. Tafiya mabuɗin ilimi ce, gani kuma ya kori ji. Yarinyar da ta ɗebo ruwa daga nesa sau ɗaya ba za ta ƙara kallon famfon gidansu da ido ɗaya ba. Na yarda da wannan. Sai dai duk wanda ya kafa wannan hujja ya amsa, ko bai sani ba, cewa ɗalibin ne ya fi amfana. In kuwa haka ne, mutanen ƙauyen malamai ne da aka kira mabuƙata, aka ɗauki darasi a wurinsu, sannan aka jira su yi godiya.

A ganina, rabin tafiyar da ake ɗauka nishaɗi ne, wato hawan dutsen, shi ya fi faɗa wa ɗalibin gaskiya. Doka ba ta yarda baƙo ya hau Kilimanjaro ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba, kuma sau da yawa kowane mai hawa ɗaya yana da 'yan dako biyu ko uku ko fiye. Su ke ɗaukar tanti da tukwane da abinci da jakarsa, kilo 20 bisa ƙa'ida. Da safe za a bar su suna naɗe tanti, kafin azahar sun wuce shi a guje da kaya a ka, kafin ya iso zango sun kafa wani tantin sun dafa shayi. A daren ƙarshe, wanda akan fara hawansa da tsakar dare, iskar da ake shaƙa kusa da ƙololuwa ba ta wuce kimanin rabin ta bakin teku ba. Kai na sarawa, zuciya na tashi, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. A wannan sa'ar kuɗin uba ba ya tsinana komai. Ɗan jagora ne ke duba idon yaro, ya karɓi ƙaramar jakar da ta rage a bayansa, yana maimaita masa “pole pole”, wato sannu sannu da Suwahili. Shi ne kuma ke da ikon cewa a juya, dole a juya.

Wanda ya zo bayarwa, ga shi an tallabe shi. Abin takaicin shi ne yadda akan ba da labarin bayan an koma gida: a taron makaranta za a nuna hoton ajin da aka yi wa fenti da yaran da ke murmushi, a ce ga abin da muka yi musu, a nuna hoton ƙololuwar Uhuru a ce ga abin da muka yi da ƙarfinmu. Duka biyun an karkatar da su ta fuska ɗaya.

Don haka ban ga dalilin hana tafiyar ba, amma na ga dalilin sake mata suna da lissafi. A gaya wa masu gudummawa nawa ne na jirgi, nawa ne zai isa ƙauyen. Mutanen gari su zaɓi aikin, a ɗauki magininsu a biya shi, ɗalibai su zama masu miƙa masa bulo. Adalcin farko kuwa a kan dutsen yake, ba sai an je ƙauye ba. Ƙungiyar KPAP, wadda aka kafa a Moshi a 2003, tana bibiyar ladan 'yan dako da nauyin kayansu da abincinsu da wurin kwanansu, tana kuma ba da aron tufafin sanyi ga waɗanda ba su da shi. Ɗan shekara 17 zai iya tambayar malaminsa tun kafin a sayi tikiti ko kamfanin da za su bi yana cikin waɗanda ta amince da su.

A ƙofar gandun, ranar saukowa, akan miƙa wa duk baƙon da ya kai Uhuru takardar shaida ɗauke da sunansa da ranar da ya isa. 'Yan dakon sukan tsaya gefe suna jiran a raba musu tukuici, wasunsu kuma ba za su daɗe a gida ba za su sake ɗaukar kayan wani ayarin.