Shin Shaidar Ido Ta Isa A Yanke Hukunci?

Akwai wani ƙwaro daga dangin faɗa-wuta wanda yake ruɗin masu kallo. 'Yan'uwansa da dare suke fita, shi kuwa da rana tsaka yake yawo. Yakan tsaya cik a iska gaban fure, fikafikansa na kaɗawa wajen sau 70 a daƙiƙa guda, sa'an nan ya zura dogon bakinsa ya tsotsi zaƙi. Duk wanda ya hango shi sai ya rantse ɗan tsuntsu ne, alhali kuwa tsuntsun da ya yi kama da shi a nahiyar Amurka kaɗai ake samunsa.

Wani irinsa yana zaune a kudancin Turai da arewacin Afirka da Asiya har zuwa Japan, kuma yakan yi ƙaura zuwa Ingila idan sanyi ya wuce. Wani kuma, mai fikafikai garai-garai, yana ƙasashen Afirka kudu da Sahara, tsutsarsa tana cin ganyen gauɗe, itacen da ba baƙo ba ne a dazukan Anka da Gummi da Bukkuyum.

To, manomin da ya ce ya ga tsuntsu, ƙarya ya yi? A'a. Idonsa ya gaya masa gaskiya game da siffa da motsi, amma shi ne ya yi gaggawar sanya suna. Da ya matsa ya ƙirga ƙafafu, da ya sami shida. Kuskuren yana tsakanin gani da hukunci.

Wannan gaggawa ta taɓa jawo babbar hasara a yankin. A shekarar 2010 an riƙa kai duwatsun zinariya cikin gidaje ana niƙawa a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Ido ya ga arziki, bai ga gubar dalma da ke cikin ƙurar ba, har yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka gwada jini da ƙasa sa'an nan gaskiya ta fito.

Haka lamarin yake a kan mutane. Rawani ba ya tabbatar da ilmi, tsumma kuma ba ta tabbatar da sata. Don haka ne Suratul Hujurati ta yi umurni da bincika labari, ta kuma yi hani ga yawan zato. Alƙali da mai unguwa da maigida duka suna da bukatar matsawa kusa kafin su yanke magana, domin hukuncin da aka gina a kan hange yakan faɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Allah Ya nuna wa bayinsa gaskiya, Ya ba su ikon bin ta, amin.