Mai Rabon Fumfuna

Idan burodi ya kwana uku cikin leda a tsakiyar damina, mun san abin da ke fito masa. Fumfuna muke cewa, mu toshe hanci mu jefar. A cikin dangin fumfuna akwai wani mai launin ruwan lemo da masana ke kira Neurospora. Yana son burodi, yana kuma bayyana jikin karan rake da ciyawa kwanaki kaɗan bayan wuta ta ci gona, domin zafi ne ke tayar da irinsa daga barci. A kan wannan abin ƙyama wani Ba'amurke mai suna David Perkins ya ƙarar da kusan shekara sittin, tun daga 1949 da ya fara aiki a Jami'ar Stanford har rasuwarsa a farkon 2007. Bai ci lambar Nobel ba, babu kuma wani magani da ke ɗauke da sunansa. Amma rayuwarsa ta bar mana tambayar da ta shafe mu duka: ilimin da ya zo hannun mutum, mallakarsa ne ko ajiya aka ba shi?

Kafin zuwan Perkins, fumfunar ta riga ta yi suna. A 1941, a wannan jami'ar, George Beadle da Edward Tatum suka haska mata hasken eksire don su lalata wasu ƙwayoyin gadonta. Lafiyayyar fumfuna tana rayuwa da sukari da gishirai da bitamin guda ɗaya, sauran abin da take bukata ita ke haɗa wa kanta. Cikin waɗanda aka haska sai aka samu wasu da ba sa girma sai an ƙara musu wani sinadari takamaimai. Daga nan suka gane cewa kowace ƙwayar gado tana da aikin da take kula da shi a cikin jiki. Wannan ya ba su Nobel a 1958. Bayan haka masu bincike da yawa suka koma kan bakteriya, inda sakamako ke fitowa da sauri. Perkins ya zauna da fumfuna.

Aikin da ya zaɓa irin wanda ba a yi wa kiɗa ne. Fumfunar tana da zaren gado guda bakwai, shi kuwa ya duƙufa wajen gano mazaunin kowace ƙwayar gado a kan zarurrukan, kamar mai zana taswirar gari gida-gida. A 1962 ya bayyana hanyar adana irin fumfuna shekara da shekaru a cikin ƙwayoyin silika, irin waɗanda muke tsinta cikin ƙaramin ƙunshi a kwalin sabon takalmi. Ya yi yawo ƙasashe masu zafi, daga Indiya zuwa Haiti zuwa Afirka ta Yamma, yana tattara fumfuna daga ƙonannun gonaki, har ya tara dubbai. Shi da matarsa Dorothy Newmeyer da wasu abokan aiki suka fitar da kundi a 1982 wanda ya jera duk abin da aka sani game da ƙwayoyin gadon Neurospora, aka sabunta shi a 2001. Abin da ya tara kuwa ya zuba shi a wani rumbun ajiyar irin fumfuna da aka kafa a 1960, wanda yanzu yake jihar Kansas, inda mai bincike daga kowace ƙasa zai iya aika takarda a turo masa.

Me wannan ya haifar? A 1992, a birnin Rum, Nicoletta Romano da Giuseppe Macino suka ƙara wa fumfunar kwafin wata ƙwayar gado da ke taimaka mata yin launin lemo. Hankali zai ce launin ya ƙaru. Sai ga wasu sun fito farare. Ashe idan fumfunar ta ga ƙwayar gado ta yi yawa fiye da ƙima, sai ta rufe bakin baƙuwar da ta gida gaba ɗaya. Wannan na cikin alamun farko na wata hanya da halittu ke kashe muryar ƙwayar gado ba tare da sun cire ta ba. Andrew Fire da Craig Mello suka fayyace hanyar a jikin wata ƙaramar tsutsa a 1998, suka ci Nobel a 2006, kuma a 2018 aka amince da maganin farko da ke aiki da ita. Ba Perkins ne ya gano wannan ba. Sai dai gwaji irin na Rum yana bukatar ƙwayar gadon da aka san mazauninta da irin fumfunar da aka san asalinsa, kuma irin wannan shimfiɗa ce ya ƙarar da rayuwarsa yana yi.

Mu a nan mun san kishiyar wannan hali, har suna muka ba ta: rowar ilimi. Mun san mai maganin da ya san saiwar da ke kwantar da wani ciwo, ya ƙi faɗa wa ko ɗan cikinsa, aka binne shi da ita. Mun san maigidan da ke tura yaron shago aike idan an zo matakin ƙarshe na aiki. Mun san ɗalibin da ke ɓoye littafi a ɗakin karatu don kada ɗan ajinsu ya gani. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

To amma kafin mu tsine wa guga, mu saurari hujjarsa. Perkins yana da albashi da ɗakin bincike, ko ya raba duk abin da ya sani ba zai kwana da yunwa ba. Mai maganin ƙauye kuwa sirrinsa shi ne jarinsa, ranar da kowa ya sani ranar tukunyarsa za ta sauka. Kuma tsoronsa yana da tushe. Manoman Indiya sun daɗe suna amfani da dogon yaro wajen kare amfanin gona, sai ga shi a 1994 an ba wani kamfanin Amurka takardar mallaka a Turai kan maganin fumfuna da aka yi da man 'ya'yan itacen. Sai da aka yi shari'a aka soke takardar a 2000. Irin wannan ne ya sa ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Nagoya a 2010, wadda ta ce wanda ya ɗauki wata halitta daga wata ƙasa ya ci riba da ita, sai ya raba amfanin da masu ita. Ko rumbun Kansas ɗin ma, ana iya tambaya: fumfunar da aka ɗebo daga gonakin talakawa, ɗaliban ƙasashen nawa ne suke da kayan aikin da za su amfana da ita?

Saboda haka cewa kawai a daina rowa ba ta wadatar. Idan muka duba rabon Perkins da kyau, za mu ga ba watsi yake yi da abin hannunsa ba. Kowane iri yana da lamba, an rubuta inda aka samo shi da wanda ya samo shi. Wanda ya karɓa ya yi aiki da shi zai ambaci asalinsa, idan kuma ya samar da sabon iri zai mayar rumbu don na baya. Amana ce mai fuska biyu, kuma da ita kyautar ta ɗore. Inda mai karɓa ke share sunan mai bayarwa, ko ya sayar masa da abin da ya ba shi kyauta, dole hannu ya rufe.

Nauyin ke nan ya hau kanmu ta ɓangare biyu. Mai sani yana da haƙƙin ya ci abinci da saninsa, amma ba shi da haƙƙin ya tafi da shi kabari, domin shi ma a hannun wani ya karɓa. Mu masu karɓa kuma, ko ɗalibai ne mu, ko marubuta, ko masu kwafo rubutun wani mu liƙa a Facebook kamar namu, wajibi ne mu faɗi inda muka samo, mu kuma mayar da wani abu. Duk lokacin da muka goge sunan mai abu, mun ƙara wa wani dalilin ɓoyewa.

Dorothy Newmeyer ta rasu kwanaki kaɗan bayan mijinta. Fumfunar da suka adana tana nan a raye, ana ci gaba da aika ta ga mutanen da ba su taɓa ganinsu ba.