Sunan da aka raɗa wa cuta cikin gaggawa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ga wata tambaya mu tauna tare. In likita ya ɗauki ƙaramar cuta ya ce babba ce, ya yi laifi ko bai yi ba?

Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar wani abu, kamar harbin ƙudan zuma, ko gujiya, ko allurar penisilin. Wani borin jini kawai zai fito masa, ya yi susa, ya wuce. Wani kuwa kafin ka ce kwabo leɓe da harshe sun kumbura, maƙogwaro ya toshe, numfashi ya gagara. Maganin wannan shi ne allurar adirenalin a cinya, nan take.

To, a ce an kawo yaro Belbeji bisa amalanke daga wani ƙauyen Tarka, jiki ya yi rudu-rudu, yana haki. Babban asibitin Zinder da nisa. In likita ya yi allurar nan alhali abin bai kai can ba, galibi zuciya ce za ta yi ta bugawa, jiki ya yi rawa, ya lafa. In ya tsaya jira alhali abin ya kai, sai a koma gida da gawa. Ni dai ban ga laifin wanda ya zaɓi kuskuren farko ba.

Inda nauyi yake, washegari ne. An rubuta a takardar asibiti cewa penisilin ba ya karɓar yaron, uwa kuma ta riƙe maganar har ya girma. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Alhali wataƙila zazzaɓin da ya kawo shi ne ya fito da ƙurajen, ko kuma tsoron allura ne ya sa ya suma. A Amurka, wajen mutum 10 cikin 100 suna cewa penisilin ba ya karɓarsu, amma in an gwada su, wajen 9 cikin 10 sai a tarar ba haka ba ne.

Ku duba abin da sunan nan ke ci. Amoksisilin ɗan gidan penisilin ne, kuma shi ake fara ba yara masu ciwon huhu. In sanyin hunturu ya kama ƙirjin yaron, sai a nemi wani magani, wanda sau da yawa ya fi tsada, ko ma babu shi kusa. Wa ya ɗauki alhakin wannan?

A ganina, wanda ya raɗa suna cikin gaggawa, akwai bashi a kansa: ya rubuta abin da idonsa ya gani. Minti nawa bayan allura? Harshe ya kumbura? Numfashi ya sarƙe? Da wannan ne likitan gaba zai san ko a sake dubawa. Kada dai kowa ya gwada maganin a gida. Amma yanzu da muka iya karatu, uwa tana iya buɗe takardar ɗanta, ta ce: "Likita, ranar nan me ka gani?"