Jemagun Bakin Masallaci: Mu Kore Su Ko Mu Ƙyale Su?

Tun bayan sallar la'asar ta ran Juma'a ake ta ja-in-ja a unguwarmu kan tsohon durumin bakin masallaci. Samari sun ce a sare shi, don jemagu sun ishe mu da kuka da kashi a kan tabarmi. Maganarsu ba ƙarya ba ce, mu da ke shimfiɗa da asuba mun san wahalar wanki. Amma kafin a ɗauko gatari, mu tambayi kanmu: me ya kawo su nan?

Jemage ba ya zama inda ya ga dama, inda ruwa da itace suke yake bi. Masana sun ƙidaya fiye da iri 1,400 a duniya, kuma mafi yawansu suna ƙasashe masu zafi da damina mai tsawo, irin su Kolombiya da Indonesiya. Ƙasashen sanyi 'yan kaɗan gare su. Mu nan Damagum, tsakanin Potiskum da Damaturu, damina gajera ce, itatuwa kuwa gawayi na cinye su kullum. Ashe ɗan abin da ya rage mana, a kan 'yan bishiyoyin nan ya taru.

To, ga abin da ya fi damun mu. Furen kuka da dare yake buɗewa, kuma manyan jemagu masu shan ruwan fure su ne kan gaba wajen kai masa barbara daga wannan itace zuwa wancan. Ƙananan kuwa ƙwari suke ci. Wato wanda muke ƙyama yana da hannu a 'ya'yan kukar da yaranmu ke tsotsa, da sabbin kukokin da za su ba jikokinmu miya.

Kuma mu ma baƙi ne. Kasuwa ce ta kawo iyayenmu, masu gari suka ba su wurin zama ba tare da sun ce sai sun yi kyan gani ba. Suratul An'ami ta sanar da mu cewa masu tashi da fukafukai al'ummai ne kamar mu. Shari'a ta halatta kawar da cuta, gaskiya ne, amma gwargwadon cutar.

Shawararmu ita ce a sassabe rassan da suka rufe harabar kawai, a matsar da tabarmi, a hana yara taɓa mataccen jemage saboda cuta. Za mu kawo maganar gaban dattawa ran Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu.